Mako Uku A Gembu, Garin Da Gajimare Ke Yawo A Layi

Mai karatu, idan kana cikin masu ganin cewa sai an tsallaka Indiya ko Suwizalan sannan za a samu irin tuddan nan kore shar da jarumi da jaruma ke gudu a kai suna waƙa, to gyara zama. Muna da su a nan gida, a jihar Taraba, a kan tsaunin Mambila. Garin da ake kira Gembu shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, kuma a can na yi mako uku cur a watan Oktoban bara, tare da wani ayarin 'yan fim da suka je ɗaukar waƙoƙi biyu da wasu 'yan sina-sinai. Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba tukuna, domin furodusan ya roƙe ni in bari sai tirela ta fito. To dama yau ba labarin lokeshan na kawo maku ba. Labarin garin ne, da abubuwan da suka sa har yanzu in na tuna shi sai in ji kamar in ɗauki jaka in nufi tasha.

Bari in fara da hanya a gurguje, don ita kam ba ta cikin abubuwan da nake kewa. Kwana biyu muka yi daga Kano. Mun kwana a Jalingo, washegari da asuba muka kama hanyar Bali, muka wuce Serti, inda ofishin gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda ya fi kowane gandun daji na tarayya girma a ƙasar nan. Har zuwa Mayo Selbe zafi ne irin wanda ka sani, kowa na fifita da abin da ya samu. Daga nan ne mota ke ɗaga kai sama. Titi ya riƙa nannaɗe dutse kamar rawani, gefe guda bango, ɗaya gefen kuma ramin da in ka leƙa sai ka ji jiri. Akwai wani hawa da ake kira Biyu da Sisi, direbanmu ya ce wai sule biyu da sisi ake biyan ɗan dako a zamanin Turawa ya hau shi da kaya a ka. A daidai nan ne wata jaruma da ta ishe mu da surutu tun daga Jalingo ta koma salati. Kunnuwa suka toshe. Kafin mu kai Maisamari an rurrufe gilasai, a Nguroje kuwa har an fara rigima a kan bargo ɗaya tilo da ke cikin motar.

Don ka gane abin da nake nufi, Kano ba ta kai mita 500 a sama da teku ba. Jos da muke ta kuri da ita in an je shutin, kusan mita 1,200 ce. Doron Mambila kuwa ya kai kusan mita 1,600, wasu wuraren ma sun zarce haka. A wannan yanki ne, kusa da iyakar Kamaru, dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu inda ya kai shi tsawo a Nijeriya.

Abu na farko da ya kama ni shi ne sanyin, kuma ka cire sanyin hunturun Kano daga ranka, ba danginsu ɗaya ba. Namu busasshe ne, ya zo da ƙura, ya farfasa leɓe da ƙafa, ka wuni kana shafa man kaɗanya. Na Gembu a lokacin da muka je jiƙaƙƙe ne, mai laushi, ba ya cizo amma yana ratsa riga ya zauna a ƙashi. Ka shanya safa da dare, da safe ka tarar ta fi jiya jiƙewa. Da tsakar rana ma da wuya ka yi gumi. Mako uku na yi ban kunna fanka ba, hasali ma ɗakin da aka sauke mu babu fanka, kuma babu wanda ya nema. Sauro ma sai ka yi da gaske kafin ka ji kukan guda ɗaya. Ni da nake kwana a tsakar gida a watan Afrilu ina juyi, sai ga ni ƙarƙashin bargo biyu ina barci kamar an biya ni.

Amma sarkin abin kallo shi ne hazo. Ba hazon ƙura ba, gajimare ne da kansa yake saukowa. Gembu tana kan gangare ne, a ƙasanta kogin Donga ya wuce, to da sassafe in ka tsaya ta wajen tudu za ka ga kwarin ya cika fal da wani farin abu kamar an zazzage buhunan auduga, kawunan tuddai ne kawai suka leƙo. Sai rana ta ɗan taso ya fara motsi, ya hau gangare, ya shigo gari, ya bi layi-layi. Wallahi da idona na ga mai acaɓa ya shiga cikinsa ya ɓace, sai ƙarar mashin kawai kake ji. Ka buɗe taga ya shigo maka ɗaki. Kusan kullum bayan sallar Asuba sai na fita na tsaya ina kallon wannan abu, har yaran unguwar suka gane ni, suna nuna ni suna dariya, wai ga baƙon nan mai kallon sama.

Wannan hazo shi ne ya zama daraktan gaskiya a aikinmu. Za a shirya komai, an yi wa jaruma kwalliya, ta cire rigar sanyi tana karkarwa a cikin leshi shara-shara, an kunna waƙa, darakta ya ce "Akshin!" sai kawai gajimare ya rufe tudun da ake so ya fito a baya. Dole a tsaya. Wani lokacin minti goma, wani lokacin awa guda. Mai kula da kwantiniti ya sha wuya ƙwarai, domin rabin baiti an ɗauke shi da rana, sauran rabin kuma cikin hazo. Mai ɗaukar hoto ne kaɗai bakinsa har kunne. Ya ce da ni, "Abokina, wannan hasken a Kano ko da kuɗi ba za ka same shi ba." Kuma gaskiyarsa ne. Gajimare yana tace rana, babu inuwa mai kaifi a ƙarƙashin ido, babu mai runtse ido, fuska ta fito sumul ba tare da an riƙa haska mata allon azurfa ba. Darakta dai ya yi fushi kwana biyu, a na uku ya haƙura ya sayi fulas.

Haƙurin nan kuwa ba shi kaɗai ya koya ba, tsarin garin ne gaba ɗaya. Ba a sammakon buɗe shago. Mutane na fitowa a hankali, cikin manyan rigunan sanyi na gwanjo da hulunan ulu, wasu da takalman roba na ruwa, domin jar ƙasar wurin in ta sha ruwa santsi gare ta kamar miyar kuɓewa. Da yamma ruwa kan sauko, kowa ya fake inda ya samu, babu mai duba agogo. In ka ce da mutum ku haɗu ƙarfe huɗu zai ce maka, "To, in ruwa ya bari." Da farko abin ya ba 'yan Kano haushi, mu da muka saba da hayaniyar Zoo Road, waya biyu a hannu. Daga baya na lura har masu yawan ƙorafin sun daina sauri in suna tafiya.

Inda ake fakewar nan galibi teburin mai shayi ne, kuma a nan na yi rabin zamana. Shan shayi a Gembu daban yake, ba don komai ba sai don jiki ne da kansa ke neman sa. Ga shi kuma a nan ƙasar ake noma ganyen. A Kakara, can ta wajen Nguroje, akwai gonar shayi da masana'antarta, inda ake yin shayin nan mai suna Highland Tea. Ranar da ba mu da aiki mu huɗu muka yi hayar wata tsohuwar Land Rover, irin waɗanda har yanzu suke fama da hanyoyin ƙauyukan tsaunin, muka je. Jama'a, ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Itacen shayin gajere ne, bai wuce ƙugu ba saboda kullum ana aske masa kai, an jera shi layi-layi ya bi tudu ya sauka kwari har iyakar ganinka. Masu tsinka na tafe a ciki da kwanduna a baya. Ba kowane ganye ake cira ba, sai sabon toho na can sama, ganye biyu da ɗan tsiron da ke tsakaninsu. Daga nan a kai masana'anta, a bar shi ya yi yaushi, inji ya yayyanka shi, a baza shi ya sha iska har ya rine daga kore ya koma ruwan ƙasa, sannan a busar. Wato baƙin shayin da muke sha da burodi a Fagge, asalinsa koren ganye ne, iska ce ke sauya masa launi. Na daɗe ina shan shayi, amma sai ranar na ga mafarinsa.

Ƙamshin garin ma abin tunawa ne. Ko'ina ka duba itatuwan turare ne dogaye siƙau, an kewaye gidaje da gonaki da su. Ba 'yan asalin wurin ba ne, daga Ostireliya irinsu ya fito, amma yanzu su ne katako, su ne makamashi. Da magariba hayaƙinsu ya haɗu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ka ji gari duk ya ɗauki wani irin ƙamshi kamar na man zafi.

Batun ciki kuwa, sai dai in ce Allah ya ƙara albarka. Fiya a can ba abin marmari ba ce, a tsakar gida take, manya-manya, kuɗin da za ka sayi guda ɗaya a Kano a nan sai a cika maka leda. Ga ayaba, ga gwaba, ga dankalin Turawa. Tuwon masara da miyar kumbi, wani ganye mai ɗan ɗaci-ɗaci da suke ji da shi, shi ne abincin da na fi ci, duk da dai wasu daga cikin 'yan matanmu sun ƙi shi sun koma wa taliya. Su suka sani. Sannan nono. Tsaunin ba shi da ƙudan tsando irin na dazukan ƙasa, ga ciyawa kusan duk shekara, shi ya sa shanu suka yi yawa kuma suka yi ɓulɓul. Kindirmon da wata dattijuwa ke kawo mana da safe, in ka sa ludayi sai ya tsaya. Ranar farko na ce mata, "Dada, nawa ne?" Ta amsa da Fillanci, na amsa da Hausa, muka yi ta yi har wani yaro ya zo ya raba mu.

Wannan shi ne abu na gaba da ya burge ni, kodayake da farko ya ɗan sosa mana girman kai. Mun saba duk inda muka je a Arewa, Hausa ce gaba. A Gembu ana jin Hausa, kuma akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe, amma harshen da ya haɗa kowa a kasuwa da tasha Fillanci ne. Mutumin Mambila da Bafillace da mutumin Kaka da Panso da Kambu, in suka haɗu da shi suke ciniki. Kafin mako guda na iya cewa "A wali jam?" da safe, na iya amsa "Jam", na iya cewa "Useko" in an yi mini alheri. Gaisuwar da ta fi yi mini daɗi ita ce "Noy peewol?", wato ina sanyi, kamar dai yadda muke yi da hunturu, sai dai su tasu ba ta da lokaci. Na kuma gane dalilin da ya sa sunayen garuruwa da yawa ke farawa da Mayo: kogi kenan da Fillanci.

Amma fa finafinanmu sun riga mu isa. Shagunan masu tura fim a waya na nan, samari na bin Labarina da Izzar So kamar yadda ake bi a Kano. Da labari ya bazu cewa 'yan fim sun sauka, yara suka cika ƙofar masaukinmu, tambayarsu ɗaya, wai Ali Nuhu ya zo? Da aka ce babu shi sai suka ce to a nuna masu wanda ya zo. Wata budurwa 'yar Mambila, Kirista, ta shaida wa jarumarmu cewa rabin Hausarta a fim ta koya, kuma da gaske in tana magana sai ka ji kalaman soyayyar fim suna faɗowa a inda ba wurinsu ba. Mun sha dariya, ita ma tana dariya.

A teburin mai shayin nan na saba da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, da nake kira Baffa. Shi ya warware mini abin da ya sa ƙaramar hukumar ke amsa sunan Sardauna alhali tana da nisa haka da Sakkwato. Ashe wannan yanki a da yana cikin Kamarun Jamus ne. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila a matsayin amana. Ranar da Nijeriya ta samu mulkin kai a 1960, Gembu ba ta cikinta. Sai a watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi shiga Nijeriya, Kudanci kuma ya zaɓi Kamaru, daga nan aka raɗa wa sabon lardin suna Sardauna don girmama Sir Ahmadu Bello. Jihar Taraba kanta sai a 1991 aka cire ta daga tsohuwar Gongola. Na ce, "Baffa, ai wannan labarin fim ne guda." Ya kurɓi shayinsa ya dube ni ya ce, "Yaro, ku da kuka zo ɗaukar ciyawa?"

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ba ƙarya ya yi ba. Mu dubi waɗanda muke kwaikwayo. 'Yan fim ɗin Indiya sun daɗe suna zuwa Kashmir yin waƙa, da rikici ya tsananta a can daga 1989 sai suka ƙara karkata zuwa Suwizalan. Marigayi Yash Chopra ya yi ta kai kyamara can, an ɗauki wani ɓangare na Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 a ƙasar, har ta kai ga an kafa mutum-mutuminsa a garin Interlaken saboda 'yan yawon buɗe idon da finafinansa suka jawo masu. Waƙar nan ta kan jirgin ƙasa a Dil Se na 1998 kuwa, a hanyar Ooty aka yi ta, wani garin tsauni a kudancin Indiya mai gonakin shayi da itatuwan turare, kusan irin Kakara. To ka ga fim na iya ɗaga gari, kuma ina fata namu su yi wa Gembu haka. Inda nake da ja shi ne yadda muke yin abin. A cikin fim ɗin da muka je yi, babu inda za a ambaci Gembu. Jarumi zai rufe ido a falo a Kano, sai a gan shi a kan tudu yana rawa, a cikin mafarki. Mai kallo ma zai ɗauka ƙasar waje aka fita, kuma na ji da kunnena ana cewa hakan ake so.

Akwai ranar da darakta ya ga wani tudu ya ce nan yake so, amma a kauce wa wayar shingen da ta ratsa shi, kada ta fito a hoto. Wannan waya kuwa ita ce labarin Mambila. Korayen tuddan da muke gani kamar babu mai su, kowanne da mai shi, makiyaya ce da aka kewaye, a ƙasa cikin kwari kuma gonakin masara ne. Jama'a na ƙaruwa, shanu na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Rikicin fili tsakanin manoma da makiyaya ya sha tashi a tsaunin, na watan Yunin 2017 ya ci rayuka da dukiya mai yawa, kuma har yau in aka zo zancen sai ka ga an rage murya. Duk da haka a teburin mai shayi ɗaya na ga 'ya'yan ɓangarorin biyu suna musun ƙwallo. Marubutanmu da ke ta juya labarin kishiya da na ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, ga inda labari yake kwance. Ɗan makiyayi da 'yar manomi, waya a tsakani. Ko mai tsinkar shayi da take tara kuɗin makaranta. Ko masu kwale-kwalen da na gani a bakin Donga suna ƙetarar da mutane har da babura. Ba sai an yi mafarki ba kafin a hau tudu. Shi mai filin, da aka je neman izini, bai karɓi ko sisi ba. Sharaɗinsa kawai a rufe ƙofar shinge in an shiga, kada maruƙa su fita.

Dare kuma nasa daɗin daban. Duk ɗan Nijeriya ya san sunan Mambila ne ta dalilin tashar lantarkin nan mai megawat 3,050 da aka daɗe ana alƙawari, wadda aka amince da kwangilarta a 2017 amma har yau ba ta ba da wuta ba. A masaukinmu sola ce da janareto, kuma janareton na cajin batiran kyamara ne, ƙarfe goma ake kashe shi. Da an kashe sai gari ya yi tsit. In sama ta washe, taurari kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Mukan kewaye kaskon garwashi a baranda, ana gasa masara, jarumai da masu haɗa waya da mai dafa abinci duk a tabarma ɗaya, abin da ba ka cika gani a Kano ba, inda kowane tauraro ke shigewa motarsa da an ce "Kot!" Sabis na waya ma sai an hau wani ɗan tudu a bayan gida, don haka babu mai latse-latse. A nan na ji labaran indastiri da ban taɓa ji ba a shekarun da na yi ina wannan aiki, waɗanda rabinsu ba za su bugu ba.

Ga masu niyyar zuwa, 'yan fim ko 'yan kallo: ku tafi da rigar sanyi ta gaske da takalmi mai kama ƙasa, ku hau tsaunin da rana ba da dare ba, kuma in koren kuke so to ku je kafin damina ta ɗauke, domin da rani ciyawar kan bushe. Furodusa kuma ya ƙara kwana uku a kan lissafinsa, na gajimare ne.

Ranar da za mu taho Baffa ya aiko mini da kwalin shayi biyu, Dada kuma ta kawo man shanu a kwalba. Bayan motar ya cika da buhunan fiya, kowa ya saya wa gida. A Mayo Selbe direba ya tsaya ya huta da birki, muka fito muna tuttuɓe rigunan sanyi a bakin titi, zafi ya mare mu kamar an buɗe tanda. Fiyar nan da aka ce mana za ta yi mako ba ta nuna ba, kafin mu shiga Gombe washegari ta nuna gaba ɗaya, dole muka riƙa rabar da ita a kowane shingen da aka tsayar da mu.